Ƙaramar Sallah a Damagaram cikin zafin Afrilu

Daga Maraɗi zuwa Damagaram kwalta ɗaya ce miƙaƙƙiya, kilomita 200 da 'yan kai: Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita, daga nan sai ka fara hango manyan duwatsun da garin ke zaune a tsakaninsu. Na bi ta a goman ƙarshe na azumin 2024, da niyyar in yi ƙaramar Sallah a gidan kawuna a Birni, tsohuwar unguwar garin, in ga hawan Sarkin Damagaram da idona.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar bazara, bazarar kuma ta fi wadda aka saba tsanani. Ranar 3 ga Afrilu zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, wani babban asibitin Bamako kuma ya ƙidaya gawa 102 a kwana huɗun farko na watan, akasarinsu tsofaffi. Namu bai kai can ba, amma iskar da ke shigowa ta tagar mota ba ta sanyaya kowa. Motar cike take maƙil da masu komawa gida Sallah: 'yan ci-rani da buhunan tsaraba, ɗalibai, mata da goyo, almajirai da allunansu. Wani bawan Allah yana ta tari tun daga Tasawa har muka sauka, gwiwa na gogar gwiwa, babu wurin kau da fuska. Taron Sallah tun a tasha yake somawa, kwanaki kafin a ga wata, kuma duk abin da mutum ya kwaso a jikinsa daga Legas ko Agadas ko Kano, da shi yake shiga mota.

Baƙo a Damagaram zai yi mamakin yawan jarkoki. Rawaye ne, masu lita 20 ko 25, a kan kurar 'yan garuwa, a kan amalanken jaki, a bayan kabu-kabu, a jere bakin famfon unguwa tun kafin kiran assalatu. Garin a kan fa yake, dutsen da ba ya ajiye ruwa, shi ya sa ƙishirwa ta daɗe tana bin sa. Nan ne babban birnin Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da Faransawa suka maida fadar mulkinsu Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake ambatawa. Ruwan famfon yanzu ma daga wajen gari ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza. In bazara ta kankama, wata unguwar sai ta kwana biyu famfo bai yi ko tari ba.

A gidan kawu, Inna ce ke riƙe da lissafin ruwa. Ina ajiye jaka, bayan gaisuwa da tambayar mutanen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mini bokiti a gindin bango.

"Ka yi haƙuri, ɗana, wannan ne rabonka har gobe. Baƙi sun yi yawa."

Gidan da ya saba ciyar da iyalinsa kaɗai ya cika da dangi daga ƙauyukan Mirriya da Magarya, ruwan kuwa bai ƙaru ba. Na zuba ido na ga yadda take raba shi: na sha a gaba, sai na girki, sai alwala, sai wanka. Abin da ke fara faɗuwa daga lissafi a gidaje da yawa shi ne wanke hannu da sabulu. Sai a ajiye kwano ɗaya, mutum goma su tsoma hannu ciki kafin su ci tuwo, na ƙarshe ya wanke nasa da dattin na farko. Inna ba ta yarda da wannan ba. Yaro take sa wa ya riƙe buta yana tsiyaya wa kowa, ga guntun sabulu a murfin kwano, ruwan da ya zuba kuma a tara shi a yayyafa wa tsakar gida. Ruwan da buta ke ci bai fi na kwanon ba. Na daɗe ina tunanin wannan, don yawancin abin da ke kare taro daga cuta irin wannan ƙaramar dabara ce, wadda ba ta buƙatar kuɗi sai mai kula.

Ranar jajibiri na bi Yaya wurin aikinta. Ita ce 'yar fari ta kawu, majo ce, wato babbar ma'aikaciyar jinya, a wata cibiyar lafiya ta unguwa. Na same ta durƙushe gaban kwali tana ƙirga ledojin ƙarin ruwa da fakitin gishiri da sukari, alhali sauran matan gari suna layin kitso da lalle.

"Yaya, ke ba ki da Sallah ne?"

"Tawa sai bayan mako biyu, ƙanena. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ban tanada yau ba, gobe babu inda zan same shi, kantin magani ma a rufe."

Na tambaye ta me ya fi ba ta tsoro. Ta ce a ranar Sallah kanta rana ce, da faɗuwar masu babur, da yaran da doki ke bugewa. Amma wanda ke hana ta barci ba ya nuna kansa a ranar. Sanƙarau take nufi.

Duk ɗan ƙasar Hausa da ya manyanta ya san wannan suna. Muna zaune ne a tsakiyar yankin da masana lafiya suka shata daga Senegal zuwa Habasha, ƙasashe 26, inda ciwon ke tashi da rani. Ƙura da busasshiyar iska suna raunata cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar kuma tana bin tari da atishawa da numfashin mutanen da suka matsu wuri ɗaya. Mutane da yawa suna ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da sun kwanta ba, su ne ke kai ta ga wanda za ta kayar. A 1996 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ta karya lagon nau'in A, wanda ya fi yin ɓarna a da, har muka fara sakin jiki. Sai ga nau'in C a 2015, ya kama fiye da mutum 8,000 a Nijar, ya kashe fiye da 500. A jihar Damagaram kanta, daga farkon Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu. Yaya ta yi aiki a wannan lokacin, kuma ba ta son yawan maganarsa. Abin da ta fi so ta faɗa mini shi ne labarin sabuwar allura, Men5CV, mai kare nau'i biyar a tsira ɗaya, wadda Najeriya ta fara yi a watan Maris na shekarar, makonni kaɗan kafin zuwana. Daga baya Nijar ma ta yi amfani da ita.

"Amma allura tana son kwanaki kafin ta kama jiki," in ji ta. "Wanda zai shiga taro gobe, rigakafinsa tun watan jiya ya kamata. Ka ga alhazai? Saudiyya ba ta barin kowa ya shiga aikin Hajji sai da shaidar allurar sanƙarau. Ba su kafa dokar a banza ba, sai da suka ga alhazai sun koma ƙasashensu da ciwon."

Gari ya waye da kabbara. Muka fita da kawu, shi da babbar riga da rawani, ni ina riƙe masa darduma. Filin idi ya cika tun hantsi bai ɗaga ba, don kowa na son sahun gaba, kuma masu son sahun gaba galibi dattawa ne. Su ne suka fi daɗewa zaune a rana, su ne suka fi kowa nauyin tufa, su ne kuma suka fito daga azumin wata guda jikinsu a bushe. Babu inuwa sai ta lema nan da can. Ana idar da salla, liman bai yi nisa da huɗuba ba, wani tsoho a sahun da ke gabanmu ya sulale ya kwanta.

Nan take aka yi masa zobe. Kowa da kyakkyawar niyya, amma zoben ya toshe 'yar iskar da ke akwai. Wani ya ɗago kansa zai ɗura masa fura. Sai ga wasu samari biyu 'yan agaji sun ratso sahu, babbansu yana cewa, "Don Allah bayin Allah, ku ja baya, ku ba Baba iska. Alhaji, kada ka ba shi komai a baki, bai farfaɗo ba, sai ya shaƙe." Suka ɗauke shi zuwa gindin wata bishiyar dogon yaro a gefen fili, suka kwance rawanin, suka cire babbar rigar, suka jiƙa masa kai da wuya da hammata da ruwan leda, ɗaya yana yi masa fifita da kwali. Jikinsa zafi ƙwarai. Da ya buɗe ido ya gane ɗansa, sannan suka fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, suka sa aka kira mota. Yaya ta ce mini daga baya, in zafin jiki ya haura digiri 40 mutum ya fara sambatu ko ya suma, mintoci ne tsakaninsa da lahira, kuma sanyaya shi a wurin ya fi gudu da shi asibiti a bayan babur cikin rana.

Waɗannan samarin babu mai biyansu. Ruwan da suka jiƙa tsohon da shi, daga aljihun wani mai kallo aka saye shi. Bayan wata biyu da dawowata, da aka ba da labarin Hajjin 2024, inda zafi ya kai digiri 51.8 a Makka kuma hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu, yawancinsu waɗanda ba su da rajista, ba su da tanti ko motar da za su fake, tsohon nan ne ya faɗo mini a rai. Rana ba ta bambanta mai ibada da mai yawo. Wanda ya samu inuwa da ruwa shi ke tashi.

Hawan kuwa, duk abin da aka faɗa mini bai kai shi ba. Tun daga nesa kake jin kakaki, sannan algaita ta shigo, sannan tambura su cika ƙirji. Dogarai cikin jajayen kaya suna gaba suna buɗe hanya, dawaki sun sha ado har ba ka ganin gashinsu sai idanu, mahaya suna ɗaga hannu suna jinjina, maroƙa suna kirari suna jero sunayen sarakunan da suka wuce, Tanimu da Amadu Kuran Daga. Mata a kan soraye suna guɗa. Fadar da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 tana nan tsaye, tsofaffin gidajen Birni da zanen da magina suka yi wa fuskokinsu suna kewaye da ita. Yaro ɗan shekara biyar da ke kan wuyan ubansa a gefena ya riƙa kiran launin kowane doki da ya wuce. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a wata Sallah, kuma ba zan so a rage wa wannan rana ko ƙwayar zarra ba.

Sai dai Birni gari ne na da. An tsara lungunansa don mai ƙafa da mai jaki, wasu ma duwatsu ne suka matse su. Da ayarin Sarki ya doshi ƙofar fada, jama'ar da ke baya suka biyo shi, waɗanda suka gama kallo kuma suka juyo za su fita ta lungu ɗaya. Na tsinci kaina a tsakiya. Ƙafata ta daina bin umarnina, inda taro ya karkata nan nake karkata, hannuwana a manne da jiki. Wata yarinya mai tallan alkaki ta ɗaga farantinta sama tana kuka, ba ta kai kafaɗar kowa ba, iska ba ta isa gare ta. Wani dattijon dogari ne ya warware abin. Bai daki kowa ba. Ya hau dakalin wani gida inda kowa zai gan shi, ya miƙa sandarsa ya tare masu shigowa daga bakin lungun, ya ɗaga murya: "Masu fita su fita tukuna! Ku na baya ku dakata, Sarki bai gudu ba!" Abokin aikinsa ya nuna wa wasu wata hanya ta bayan masallaci. Cikin ɗan lokaci ƙirji ya samu sarari.

Masana cunkoso sun ce da zarar mutum biyar ko fiye suka matsu a murabba'in mita ɗaya, hatsari ya fara, kuma yawancin waɗanda ke mutuwa a turmutsitsi matsar ƙirji ce ke kashe su suna tsaye, tun kafin a kai ga tattakewa. Ba labarin nesa ba ne gare mu. A Fabrairun 2020 a Diffa mutum wajen 20 suka mutu wurin rabon kayan agaji, yawancinsu mata da yara. A Mina ranar 24 ga Satumba 2015, inda ayari biyu na alhazai suka haɗu a hanya ɗaya, Saudiyya ta ce 769 ne suka rasu, ƙidayar kamfanonin dillancin labarai ta haura 2,000, cikinsu har da alhazan Nijar da Najeriya. Maganin da aka yi wa wurin jifa, bayan ya sha cin rayuka a shekarun baya, shi ne gada mai hawa-hawa, mashiga daban mafita daban, kowa ya fuskanci gaba. Abin da dogarin nan ya yi da sanda ɗaya ke nan. Da an zauna tun jajibiri an ware lungun shiga da na fita, an sanar a rediyo da bakin masu shela, da bai sha wannan wahalar ba.

Bayan hawa sai ƙishirwa. Duk inda ka juya mai sayar da abin sha ne: zoɓo, lamurje, kunun zaƙi, fura da nono, ruwan leda a cikin kula. Ƙanƙara ta yi tsada, kuma babu mai tambayar da wane ruwa aka daskarar da ita. A ƙofar gidaje da yawa an ajiye randar sadaka da moɗa ɗaya, kowa ya tsoma ya sha ya mayar. Na tsaya ina kallon wata randa, na ga hannu nawa suka shiga cikinta, har da na yaron da ya fito daga bayan kango, don babu makewayi ko ɗaya da aka tanada wa dubban mutanen da suka wuni a waje. Ta wannan hanyar amai da gudawa ke bi. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, Maraɗi da Damagaram na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma babbar Sallar shekarar ta faɗo a watan Yuli, tsakiyar damina.

Akwai abin da ban cika jin ana faɗa ba. Sallah ba ta zama a lokaci ɗaya. Kowace shekara tana ja da baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa, sai ta zagaye rani da damina cikin shekara 33. Wanda ya koyi shirya taron Sallah a damina ya koyi tsoron gurɓataccen ruwa da sauro. Mu muka same ta a tsakiyar zafi. A shekarun da ke tafe ƙaramar Sallah za ta riƙa faɗowa a Maris da Fabrairu da Janairu, cikin hazo da ƙura, daidai lokacin da sanƙarau ke tashi. Shirin bara ba lallai ya yi wa baɗi ba, dole duk shekara a duba kalanda a tambayi wace cuta ce ke bakin ƙofa.

Da dare, muna zaune a zaure ana shan shayi, na kawo wa kawu maganar, don yana cikin dattawan da ke kula da masallacin unguwarsu.

"Kawu, dawakin nan tun yaushe ake shirya su?"

"Tun kafin azumi. Ciyawa, dusa, gyaran sirdi, ɗinkin kayan ado, kowa ya san nasa."

"To ruwan da jama'a za su sha fa, wa ya san nasa?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, randar ƙofar gida gadonmu ce. Kakanka bai taɓa barin tasa ta bushe ba ranar Sallah."

Na ce ba cewa nake a ɗauke ta ba. A rufe ta, a sa mata famfo a gindi yadda hannu ba zai shiga ba, a jefa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs da ake samu a kantin magani. A kafa rumfa a gefen filin idi don tsofaffi da masu ciki, a ajiye wa 'yan agaji jarkokinsu tun daren jajibiri. A haƙa makewayi na wucin gadi, na maza daban na mata daban. Liman kuma, tunda babu ranar da yake samun kunnuwa kamar ta idi, ya ware minti biyu ya faɗi alamun sanƙarau: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai, wuya ya sanƙare, amai, ido ba ya son haske, jariri kuma maɗigarsa ta kumbura. Ya ce duk wanda aka ga haka gare shi kada a kwana da shi a gida. Maganar da liman ko Sarki ya faɗa sau ɗaya tana isa inda takardar likita ba ta isa ba. Na yi imani da wannan har zuciyata, domin a garin da ruwa ke da wuya, barin shan jama'a ga sa'a ganganci ne, kuma mu duka ke da alhakinsa, mai gida da baƙo.

Kafin in bar garin na koma wurin Yaya na fahimci abin da take nufi da Sallarta sai bayan mako biyu. Kwalara tana bayyana tsakanin sa'o'i 12 da kwana 5, sanƙarau tsakanin kwana 2 da 10. Kafin nan taro ya watse, mutane sun koma Matamaye da Tanut da Gure, wasu sun tsallaka Daura da Kano. Saboda haka kowane mako take cika takardar ƙidaya ta aika wa gundumar lafiya, ko da ba ta ga kowa ba sai ta rubuta sifili, don shiru ba ya nuna lafiya. In sanƙarau ya kai mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, a tashi tsaye. In ya kai 10, annoba ce, a fara allurar gayya. Ruwan ƙashin bayan da aka ɗiba daga marar lafiya ana aika shi ɗakin bincike, har cibiyar CERMES ta Yamai, don a san wane nau'i ne, a san allurar da za a nema. Wanda aka kawo da wuri aka fara masa allurar ceftriaxone yakan tashi. Wanda aka tsaya yi wa turare da shafe-shafe kwana biyu, ko ya tsira, ɗaya cikin biyar na waɗanda suka warke sukan fita da kurunta ko wata naƙasa ta har abada.

Da babbar Sallah ta matso kawu ya kira ni a waya. Ya ce dattawan masallacinsu sun haɗa kuɗi sun sayi robobi biyu manya masu murfi da famfo, sun ɗora wa wani ladani alhakin cika su da sa musu magani, liman kuma ya yarda zai faɗi alamun ciwon a huɗuba idan rani ya zagayo. Maganar rumfa kuwa har yanzu ana kanta, don ba a daidaita kan wanda zai biya kuɗin haya ba.